Filin Lafiyar Iyali: Yaron Da Mota Ke Sa Shi Amai

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wata 'yar matsala wadda mutane ba su ɗauke ta a bakin komai ba, har wasu na yi mata dariya, amma duk uwar da ta taɓa rungumar yaro daga Tamale zuwa Kumasi yana kelaya amai tun daga gadar Yapei, ta san babu abin dariya a ciki. Watau amai da jiri da ke kama ƙananan yara idan sun shiga mota.

Mu mutanen zango dai mutanen tafiya ne. Da wuya ka sami gidan Bahaushe a Kasalgu, ko Sabonjida, ko Aboabo, wanda ba shi da dangi a Kumasi ko Nima ko Salaga ko Bawku, wani ma har Sakkwato da Kano. Biki ya taso a tafi, rasuwa a tafi, ga Sallah, ga Maulidi, ga hutun makaranta, kullum a kan hanya muke, kuma da yara. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun yi tafiyar watanni a ƙafa da jakuna, sun sha wahalar ƙaya da ƙishirwa da 'yan fashi, amma wannan guda ɗaya dai Allah Ya raba su da ita. A tudu, mota ce ta kawo mana ita.

Bari mu fara da wani abin mamaki da kowa ke gani a nan Tamale, amma ba a cika lura da shi ba. Garin nan garin babur ne. Yaro ɗan shekara biyar kullum safiya ubansa zai ɗora shi a babur daga Kasalgu zuwa makaranta a cikin gari, a faɗa rami a fita, a sha kwana, ƙura ta buɗe shi, ko gezau. Haka nan in an shiga yalo-yalo. Amma ranar da aka sa shi a babbar bas mai sanyi da kujeru masu laushi, wadda ko girgizar kirki ba ta yi, kafin a kai Buipe ya jiƙa wa uwarsa zane. Da a ce girgiza ce kaɗai ke kawo abin, ai da babur ne ya fi sa shi. To ina bambancin yake?

Amsar tana cikin kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, Allah Ya halicci wasu 'yan bututu guda uku a lanƙwashe kamar zobe, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren. Kusa da su kuma akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Waɗannan ba su da ruwa da jin magana. Aikinsu shi ne su sanar da ƙwaƙwalwa ko kai ya juya, ko ya sunkuya, ko jiki ya zabura gaba, ko ya tsaya. Su ne ke sa mutum ya iya tafiya a duhu bai fāɗi ba, kuma su ne ke sa yara ganin gari yana juyawa bayan sun yi wasan hajijiya, sabili da ruwan bai daina motsi ba ko da su sun tsaya.

To ƙwaƙwalwa kamar alƙali take, tana da shaidu biyu, ido da kunne. Muddin bakinsu ya zo ɗaya babu rigima. Yaron da ke kan babur idonsa na kan hanya, yana ganin kwana tun kafin a iso ta, kunnensa kuma ya ce lalle an sha kwana, shi ke nan shaida ta yi daidai. Wanda ke cikin bas kuwa, ga shi ɗan gajere, abin da idonsa ke gani bai wuce bayan kujerar gabansa ba, ko mayafin uwarsa, ko buhun da aka tura masa a ƙafa. Ido ya ce muna zaune wuri ɗaya, kunne ya ce ƙarya ne, tafiya muke yi, ga shi ana lilo da mu. Wannan saɓani shi ne tushen ciwon. Shi ya sa direba da kansa kusan bai taɓa yin amai ba, don shi ke juya sitiyari, jikinsa ya san abin da zai faru tun kafin ya faru.

Mai karatu zai ce, to mene ne ya haɗa saɓanin ido da kunne da ciki? A shekarar 1977 wani masani na Jami'ar Oksfod a Ingila mai suna Michel Treisman ya kawo wani bayani wanda har yanzu ake ambata. Ya ce kafin a ƙirƙiro mota da jirgi, babban abin da ke sa ido da kunne su saɓa wa juna shi ne mutum ya ci guba. Saboda haka da ƙwaƙwalwa ta ga saɓanin sai ta ɗauka an ci wani mugun abu, ta ba ciki umarnin ya fitar da shi. Masana ba su gama muhawara a kan wannan ba, amma a kan cewa daga kunne abin yake tasowa babu jayayya, kuma akwai wani labari da ya tabbatar da shi wanda ya kamata mu mutanen arewa mu ji. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1968, lokacin da Amurka ke shirin tura mutane sararin sama, hukumar NASA da sojojin ruwa sun yi gwaje-gwaje da wasu maza goma sha ɗaya, kurame, daga Kwalejin Gallaudet ta kurame da ke Washinton. Kusan dukkansu sanƙarau ne ya kurumtar da su tun suna yara, irin sanƙarau ɗin da muka sani a nan lokacin zafi, kuma ya lalata musu wannan ma'auni na cikin kunne. An juya su a ɗaki mai juyawa kwana da kwanaki, ko a jikinsu. An sa su a jirgin ruwa a gaɓar Kanada teku na hauka, su suna zaune suna karta, likitocin da suka zo auna su kuwa amai ya kwantar da su har aka dakatar da gwajin.

Saboda haka yaron da ke amai a mota kunnensa lafiya lau yake, aikinsa ma yake yi. Ba shi da ciwon ciki, ba tsutsa ba ce, ba kambun baka ba ne, ba kuma iskokin gadar Buipe suka shafe shi ba, kamar yadda wasu tsofaffi kan faɗa idan sun ga kullum a daidai nan abin yake tasowa. Daga Tamale zuwa Buipe wajen kilomita 100 ne, lokacin ne kawai ya cika. Babban abin da muke so iyaye su riƙe shi ne ba da gangan yaron yake yi ba. Sau da yawa za ka ga uwa, don kunyar fasinjoji da faɗan yaron mota, ta kai wa yaro ranƙwashi tana cewa ai na ce ka riƙe. Ba a riƙe amai. Abin da ranƙwashi ke haifarwa shi ne tsoro, kuma tsoro na ƙara abin, har ya kai ga wani yaron da zarar ya ji warin tasha zuciyarsa ta fara tashi tun ba a ta da mota ba. In ma gori za a yi, to a duba gida tukuna, domin abin yana bin jini. Idan uwa ko uba sun yi fama da shi suna yara, da wuya a rasa mai shi a cikin 'ya'yansu.

Akwai shekarun da abin ya fi kamawa. Jariri da yaron da bai kai shekara biyu ba da wuya mota ta sa shi amai. Daga shekara biyu abin ke farawa, ya yi ƙarfi tsakanin shekara shida zuwa goma sha biyu, daga nan ya riƙa raguwa. Ya fi yawa ga mata, haka kuma ga masu ciwon kai na ɓari guda. A riƙe wannan magana ta 'yan ƙasa da shekara biyu, za mu dawo kanta.

Amai ba ya zuwa haka kwatsam, yana aiko da 'yan aike. Yaron da ke ta surutu sai ka ji ya yi tsit. Ya fara hamma, miyau ya tsinke masa yana ta haɗiya, goshinsa ya yi zufa mai sanyi, leɓɓansa su yi fari, ya ƙi abin da aka miƙa masa ko da alewa ce. Ƙaramin yaro bai san kalmar tashin zuciya ba, sai ya ce cikinsa ke ciwo, ko kansa, ko kawai ya kama rigima. Uwar da ta gane waɗannan alamu tana da 'yan mintoci a hannunta, kuma sau da yawa sun isa a tare abin.

Yanzu sai batun kujera, wanda a ganinmu ya fi kowane magani. A 1999 masana na Jami'ar Southampton a Ingila sun buga sakamakon tambayar da suka yi wa fasinjojin manyan bas sama da 3,000. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun ce ba su ji daɗin jikinsu ba a tafiyar, kuma abin ya fi yawa ga waɗanda ke zaune baya da waɗanda ba sa hango hanya ta gaba. To mu a nan yaya muke yi? Mai yara ita ce ke zuwa tasha a makare, don sai ta yi wa wannan wanka ta nemo takalmin wancan, ta iso ta tarar saura kujerar ƙarshe, a kan taya, inda motar ta fi lilo kuma inda hayaƙi ya fi shigowa. Sannan don gudun biyan kuɗin kujera ta ɗora ɗan shekara shida a cinya, ta juyo da fuskarsa ƙirjinta, ta lulluɓe shi da hijabi wai don kada ya ga hanya jiri ya ɗebe shi. Duk abin da ke kawo amai ta haɗa masa shi wuri ɗaya, da kyakkyawar niyya.

Maigida, a nan aikinka ne. Je ka tasha tun jiya ka yanki tikiti, ko ka yi sammako ka kama wuri. A nemi kujerun gaba-gaba, inda yaro zai iya hango gilashin direba ta tsakanin kujeru. Mun san kuɗin mota ya yi tsada, ba kowa ne zai iya saya wa kowane yaro kujera ba, amma in akwai guda ɗaya da aka san mota na wahalar da shi, to shi ya cancanci kujerar, ko da wansa ne zai haƙura. Tamale zuwa Kumasi kusan kilomita 380 ne, zuwa Ankara kuwa wajen 600, yini guda cur. In kuma dole sai a cinya, a juya shi ya fuskanci gaba, a jingina kansa da ƙirjin uwa don kada kan ya riƙa rangaji, a nuna masa nesa. Ƙasarmu ta arewa ta yi mana gata a nan, shimfiɗaɗɗiya ce, ana hango itatuwan kaɗanya da kuka tun daga nesa. A sa shi ƙirga manyan motocin da ke tahowa, ko ya faɗi wanda zai fara hango shanu. Kallon ta tagar gefe, inda ciyawa da turakun lantarki ke wucewa fuu, ƙara abin yake yi. Idan babu halin hango gaba sam, to gara ya rufe ido ya kwantar da kai, domin idon da ke rufe ba ya ƙaryata kunne.

Masu ƙaramar mota ta gida kada su ce to bari mu sa shi gaba kusa da direba. Dokar hanya ta Ghana mai lamba 683, ta shekarar 2004, ta hana ɗaukar yaro ɗan shekara biyar ko ƙasa da haka a kujerar gaba, kuma ko ba doka, birki ɗaya ya isa ya haɗa shi da gilashi. Wurinsa shi ne baya, a tsakiya in akwai bel a wurin, a kan kujerar yara ko abin da zai ɗaga shi ya ga hanya.

Sai waya. A da littafi ake hana yaro karantawa a mota, yanzu kuwa da ya fara motsi sai a miƙa masa waya ya kalli katun don a huta. Babu abin da ya fi wannan saurin kawo amai, sabili da ido ya kafe a kan abin da ba ya motsi a hannunsa, kai kuma a sunkuye. Haka talabijin ɗin da ake kunna fim a manyan bas. In ana so a ɗauke masa hankali a yi ta kunne, a yi masa tatsuniya, ko a sa shi ya biya haddarsa ta makarantar allo, ya sami riba biyu.

Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne gargada mai sauri ba ta kai lilo a hankali sa amai ba. Bincike ya nuna motsin da ya fi tayar da zuciya shi ne wanda ke kai wa da komowa kamar sau ɗaya a cikin daƙiƙa biyar. Irinsa ne lilon jirgin ruwa, irinsa ne kuma na babbar bas mai laushin ƙafa. Shi ya sa wani yaron zai jure hanyar ƙauye mai ramuka a bayan motokin amma kwalta ta kayar da shi. Haka kuma taka birki da sake taka totur a kan tuddan rage gudu da ke kowane gari a hanyar Kintampo, da kwane-kwanen da ke ƙaruwa in an wuce Techiman an shiga ƙasar tuddai. Mai tuƙa iyalinsa ya sani cewa a hannunsa rabin maganin yake: ya rage gudu tun da nisa, ya sha kwana a hankali, ya tsaya bayan kowace sa'a ɗaya ko biyu yara su taka ƙasa. Masu bi ta Salaga su haye tafkin Volta a fanton daga Makango zuwa Yeji, in iska ta taso su fitar da yaro inda zai hango gaɓa, kada a bar shi a cikin mota a rufe.

Game da abinci, iyaye sun rabu biyu, kuma duka biyun sun yi nisa. Wasu su hana yaro komai tun asuba wai don kada a sami abin amarwa, sai ya yi ta kakari yana fitar da kumallo, wanda ya fi wahala. Wasu kuma su cika shi da ƙosai da soyayyen wagashi da fura da nono don kada ya ji yunwa a hanya. Tsaka-tsaki ake so. Kamar sa'a ɗaya kafin tashi a ba shi koko mara kauri da ɗan burodi, ko 'yar shinkafa ba mai, kaɗan. A hanya kuma busasshen biskit da ruwa kurɓi-kurɓi. Idan aka tsaya cin abinci a Kintampo, shi dai a rage masa, ya ci sosai in an sauka. Wari ma yana da nasa. Turaren da Hajiya ta fesa don biki, da warin man fetur, da kifi busasshe a ƙarƙashin kujera, da tsiren da maƙwabci ya buɗe, kowanne na iya ƙarasa yaron da dama zuciyarsa ke tashi. A buɗe taga iska ta bugi fuskarsa, a cire masa rigar sanyi da hula in ya fara zufa.

Lemun tsami da iyayenmu ke ba yaro ya riƙa shaƙa ba shi da laifi, in bai yi magani ba ya kore wari. Citta kuwa an gwada ta a bincike tun 1982, wasu gwaje-gwajen sun nuna tana taimakawa, wasu ba su nuna ba. Ɗan lamurje mara yaji sosai ga yaron da ya girma ba zai cuce shi ba. Amma man zafi irin su Robb kada a cusa wa ƙaramin yaro a hanci, akwai kafur a ciki.

To mun iso inda ya fi damunmu, watau maganin kemis. Asalin maganin amai na tafiya ma da tsautsayi aka gano shi. A 1947 a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka wasu likitoci biyu, Leslie Gay da Paul Carliner, suka ba wata mata mai ciki sabon magani don borin jini. Matar nan duk rayuwarta mota na sa ta amai, sai ta dawo ta ce musu tun da ta fara shan maganin abin ya ɗauke. A 1948 aka gwada shi a kan sojoji a jirgin ruwa daga Niyok zuwa Jamus, ya yi aiki, shi ne Dramamine. Shi da 'yan uwansa, irin su Phenergan da Avomine da Stugeron, duk a ƙwaƙwalwa suke aiki, kuma duk suna sa barci. Wannan barcin shi ne ya sa wasu iyaye suka mai da su abin tafiya. Za a je Ankara, sai a biya kemis a sayo kwalba, a ɗura wa yara duka har da na goye, don a sami sauƙin hanya.

Jama'a, wannan ganganci ne. Maganin da ke cikin Phenergan, wanda za ku ga an rubuta promethazine a jikin kwalba, yana iya danne numfashin ƙaramin yaro har ya tsaya. Yara sun mutu ta haka, shi ya sa a ƙarshen 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi mafi tsanani a jikinsa cewa kada a ba wanda bai kai shekara biyu ba. Ostireliya ma a 2024 ta ɗaga abin zuwa shekara shida. Avomine da Stugeron kuwa masu yin su da kansu sun rubuta cewa ba na 'yan ƙasa da shekara biyar ba ne. Ku tuna kuma mun ce ɗan ƙasa da shekara biyu da wuya mota ta sa shi amai. Ashe ke nan ana ba shi magani mai haɗari don ciwon da ba shi da shi. Ga kuma yanayin da yake ciki: an goya shi ko an danne shi a cinya, an lulluɓe, mota ta cika, dare ne, uwa ta gaji ta yi gyangyaɗi. Yaron da magani ya yi wa nauyi in ya yi amai a haka ba zai iya ɗaga kai ba, aman ya koma masa huhu. Amai a mota shi kaɗai wahala ce ta yini guda, amma wannan kam ana rasa rai.

Ba muna cewa babu mai shan magani ba ne. Yaron da ya haura shekara biyar, wanda aka gwada kujera da iska da abinci duk abin ya ci tura, ga kuma doguwar tafiya, ana iya ba shi. Amma a je asibiti ko wurin ƙwararren mai haɗa magani a famasi, a faɗi shekarunsa da nauyinsa da duk wani ciwo da yake da shi, musamman farfaɗiya ko asma, su za su faɗi wanne da kuma nawa. Kada a saya a hannun masu tallar magani a tasha ko a cikin mota, waɗanda ƙwaya ɗaya tasu ke maganin ciwo arba'in. Kada a ɓantari na manya a ce rabi ya isa. Kada a haɗa shi da maganin tari ko Piriton, don su ma suna sa barci. Kuma a sani tun kafin tafiya ake sha, wani sa'a ɗaya wani sa'a biyu kafin a tashi, gwargwadon irinsa. Idan zuciya ta riga ta tashi ciki ya daina tura abin da ke cikinsa gaba, maganin zai zauna ne kawai ya fito tare da aman. Yana da kyau a fara gwada shi a gida wata rana kafin tafiyar, domin akwai yaran da maimakon barci sai ya birkita su, su yi ta kuka da fizge-fizge, kuma gara a ga haka a ɗaki da a gan shi a dajin Fulfulso. Maganin tsai da amai na asibiti irin su Maxolon ba ya aiki a kan aman mota, kuma yana iya sa wuyan yaro ya murɗe idanu su kafe.

Ɗaya haɗarin shi ne a ɗora wa mota laifin da ba nata ba. Aman mota ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya zuwa da gudawa, kuma in an sauka yaro ya sha iska, yawanci ba a daɗewa zai ware ya nemi abinci. Idan jiki da zafi, to a fara tunanin zazzaɓin cizon sauro, a je a yi gwajin jini, kada a ce bari mu isa tukuna. Idan wuya ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, ko ana tashinsa ba ya tashi sosai, ko aman ya zama kore shar ko da jini, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ido ya faɗa fitsari ya ɗauke, to tafiya ta ƙare a nan, sai asibiti mafi kusa. Akwai asibitin gwamnati a Kintampo, akwai Holy Family a Techiman, masu yin arewa kuma akwai a Savelugu da Walewale. Haka duk jaririn da ke ta amai a hanya, kada a ce mota ce, a nemi dalili. Sannan in aka ga ba yaro kaɗai ba, manya ma na kukan ciwon kai da jiri, musamman na kujerun baya a tsohuwar mota, to a zargi hayaƙin salansa da ke shigowa ta ƙasa. Wannan guba ce ta gaske, a buɗe tagogi duka a sa direba ya tsaya.

In kuma duk da dabara aman ya zo, to ya zo. A zaunar da yaro a sunkuyar da shi gaba, kada a kwantar da shi rigingine. Leda, wadda muke ce wa roba a nan, ta kasance a kusa tun daga gida, guda uku ko huɗu, amma a hannun uwa, kada a bar wa ƙaramin yaro ita ya yi wasa har ya sa kai a ciki. A tanadi tsumma da ruwa da kayan canji a 'yar jakar hannu, don in suna cikin akwatin da aka ɗaure a but sai an isa. Bayan ya gama a kurkure masa baki, a shafa masa ruwa a fuska, a dakata kamar minti goma sannan a fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya yi sau da yawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na asibiti, a bi adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardar. Kuma babu kunya a ɗaga murya a ce, "Baba direba, don Allah a ɗan tsaya, yaro ba lafiya." Yawancinsu iyaye ne, kuma sun fi son tsayuwar minti biyar da wankin mota. Fasinjoji kuma a ji tsoron Allah, mai tsaki da toshe hanci, in kujerarsa na gaba, musanya da matar nan ya fi tsakin amfani.

Wasu na tambaya ko tafiyar dare ta fi. Ta fuskar amai ta fi, domin yaron da ya yi barcin Allah da Annabi, ba na magani ba, da wuya abin ya kama shi, kuma motocin Ankara da yawa da yamma suke tashi. Sai dai hanyar dare tana da nata haɗarin, wannan kuwa maigida ne zai auna.

Daga ƙarshe akwai sabo. Ƙwaƙwalwa tana koyo, shi ya sa matuƙan jirgin ruwa ke warkewa bayan 'yan kwanaki a teku. Yaron da bai taɓa shiga mota ba sai sau ɗaya a shekara, kuma ta yini guda, shi ya fi shan wuya. Idan an san akwai tafiya nan da wata guda, a riƙa ɗaukarsa a tasi ko ƙaramar bas zuwa kasuwar Aboabo, wata rana a kai shi Savelugu ko Nyankpala a dawo, ana zaunar da shi inda zai ga gaba, ana sauka tun kafin abin ya kai ga amai. A hankali ake ƙara nisan.

Masu tambaya a kan wannan ko wani abin da ya shafi lafiyar yara suna iya rubuto mana ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya kiyaye hanya.